Littafin Jirgi

Hajiya Adiza ta kira ni da asuba,
ina kankare baƙin mai a ƙarƙashin farce.
Ta ce, "Mutawakilu, taho filin jirgi,
an kawo guda biyu, ɗaya za mu ɗauka.
Ni kuɗi na sani, ƙarfe kai ka san shi."

Daga Aboabo na hau trotro,
koko da ƙosai a leda, ban taɓa ba.
Shekara ashirin da shida
ina kwance ƙarƙashin fukafukan mutane,
ba wanda ya taɓa tambayata wanne ya fi.

Na farko fari ne fes,
har na hango furfurata a jikinsa.
Kujerun fata, tebur mai naɗewa,
dillali ɗan Accra, turarensa ya riga shi isowa,
yana cewa wannan ta kan gajimare yake bi,
Kumasi zuwa Tamale kafin shayi ya huce.
Na ce masa sannu da ƙoƙari,
a ba ni littafinsa.

Injin dama, saura awa ɗari uku
a sauke shi a buɗe masa ciki,
kuɗin buɗewar kuwa ya sayi gida a Asawase.
Shafi biyu an cika su da biro ɗaya,
hannu ɗaya, gaggawa ɗaya,
alhali shekara uku ce a tsakaninsu.
Na rufe. Ban ce komai ba.

Na biyun yana can gefe, fenti ya koɗe,
fiffike a sama kamar kafaɗar ɗan dako,
ƙofa mai faɗi, taya mai kauri,
farfela nesa da ƙasa,
tsakuwar jan filin arewa ba za ta cije ta ba.
Na zura tocila cikin hancin inji,
na shafa, na sunsuna, na sa kunne.
Littafinsa duk dattin yatsa,
hannu bakwai, tawada iri-iri,
har ranar da tsuntsu ya buge shi an rubuta.

Kyaftin Boatemaa ta zagaya shi sau biyu,
ta tsaya da takarda a kan gwiwa.
"In ɗaya ya mutu muna tashi,
da tsakar rana, da kaya cike,
ɗayan zai hau da mu?"
Muka lissafa. Zai hau, da kyar,
in an bar kwali shida a ƙasa.
Ta ce to a rubuta shidan nan a bango,
kada wata rana kwaɗayi ya manta.

Ni na san abin da take tambaya.
Na taɓa jin shirun inji ɗaya
a saman ruwan Volta,
ɗan'uwansa ya ci gaba da magana shi kaɗai
har ƙafarmu ta taka ƙasa.

Hajiya kuwa tana cikin farin,
ta zauna, ta miƙe ƙafa,
tana shafa kujerar a hankali.
Na bar ta. Wanda ya yi shekaru a bayan mota
tsakanin Techiman da Bolga
yana ƙirga 'yan tsakin da zafi ya kashe
ya cancanci minti biyar na fata mai laushi.

Da ta sauko ta ce, "Faɗa mini."
Na ce tsaki dubu huɗu ba sa zama a kujera,
akwatin rigakafi ƙanƙara yake so,
in kuma an dawo da mara lafiya a kwance,
ta wace ƙofa zai shiga?

Ta dubi farin, ta daɗe.
Sannan ta gyara mayafi,
ta juya wajen dillali da muryar kasuwa:
"Wancan tsohon, nawa ka ce?"
Na raɗa mata ƙafar hagu tana yoyon mai,
ta zabge masa dala dubu tara a kai.

Suna can suna ja-in-ja,
na zauna a inuwar fiffiken.
Kokon ya yi sanyi, na sha abina.
Wani ɗigo ya faɗo kusa da takalmina,
na ciro biro, na rubuta kwanan wata.